Kabarin Baba a Baƙi'a

Al-Khalidiyya, Madina
4 ga Rabi'us Sani

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi. Ya su Yaya Ƙaltume da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Yau kwana arba'in da rasuwar Baba, har yanzu barka ake yi mini. Duk wanda na gamu da shi a jami'a sai ya rungume ni ya ce mabruk, tsoho ya zo Umra ya dace da maƙabartar Baƙi'a. Maƙwabcina Hamid cewa ya yi da zai yiwu da sun yi musanye da Baba. Na san gaskiyarsu ce, shi ya sa nake murmushi in yi godiya. Amma babu wanda ya tambaye ni ko ina iya cin abinci.

Kin sha yi mini tsiya wai na zo garin Manzo ina karatun harshen Girkawa. To, binciken kwatanta addinai ne ya jawo. Makon jiya na ci karo da wata kalma a tsofaffin littattafan Kirista, odune. Baƙin ciki take nufi, amma irin wanda jiki ke ji kamar ciwo. Da ita suke faɗar halin iyayen da ɗansu ya ɓace suna yawon nemansa. Na rufe littafin, ban ƙara rubuta komai ba ranar.

Na ji za ki zo Umra a Rajab, kina so in nuna miki kabarin daga bakin shinge, tunda mata ba sa shiga. Allah ya kawo ki lafiya.

Ɗanki,
Abdussamad

19 ga Jimada Sani

Inna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saura mako biyu ki taso, akwai abin da na ɓoye miki.

Ban san inda kabarin Baba yake ba.

Nan ba a rubuta suna, dutse ne kawai a kan kowane kabari, duk iri ɗaya. Ranar jana'iza gawa tara aka binne bayan la'asar. Da na fito daga ramin kabarin, idona ba ya gani sosai, sai na yi alama da wani baro da ma'aikata suka jingine kusa. Baro, Inna. Ni da ake kira mai ilimi. Zazzaɓi ya kwantar da ni mako guda, da na koma an gusar da baron, sababbin kaburbura sun cika wurin. Tun lokacin duk asuba ina can ina bin layi layi. Malamaina sun ce addu'a tana isa ko daga ina. Na yarda, amma ƙafata ba ta daina zuwa ba.

Duk sanda kika tambaye ni a waya nakan ce na ziyarce shi. Ki yafe mini.

Daga bakin shingen nan, duk inda na miƙa yatsa za ki yarda, ki yi kukanki ki koma gida da sanyin zuciya. Wallahi har na zaɓi wani kabari kusa da hanya don wannan. Na fasa, domin ke kika amince Baba ya taho saboda ina nan, na ce zan kula da shi.

Zan tsaya kusa da ke, amma hannuna zai zauna a aljihu. Abin da nake roƙo ɗaya ne: ki yi mini ta'aziyya. Har yau babu wanda ya yi mini.

Ki gaida Yaya Ƙaltume, kada ki nuna mata wannan tukuna.

Naki mai neman gafara,
Abdussamad Maiwada