Shi da Tuƙi, Ni da Igiya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Inna? Shekara bakwai ke nan rabona da gida.

Mun iso Lyon daga Paris da jirgin ruwan 'yan shaƙatawa da nake wa aiki, ni da Isufu na Baba Hamza. Yaron da na koya wa riƙon filafili a Gaya, shi ke tuƙi yanzu, don yana da farmi, wato lasisin tuƙi. Ni kuwa igiya nake jefawa a kowace ekilus, ƙofar ruwan da ke ɗaga jirgi ko ta sauke shi.

Wata ƙofar ta lalace, muka kwana biyu muna jira. Nan mai jirgin ya ja ni gefe, ya ce baɗi mutum ɗaya zai riƙe a cikinmu. "Ali, kai ne babba. Wa ya fi?" Na ce Isufu. Ya fi ni ɗin, ban taɓa ganin ya goga jirgi da bango ba.

A tashar Lyon matar Isufu ta taso daga unguwarsu Rillieux da kwanon dambu, tana dariya: "Sannu da hanya, Kaftin!" Ya ce, "Yaya Ali, bisimilla." Na ci loma biyu, na tsame hannu. Bai san abin da na faɗa wa mai jirgin ba.

Kada Inna ta ji. Ku sa ni a addu'a, Allah ya wanke mini zuciya. Ka gaida kowa. Abin da na tara yuro ɗari shida ne: kuɗin tikitin zuwa gida, babu na dawowa.

Ƙanenka,
Ali