Akwatin da Na Kai Ƙofar Magaji

Zuwa ga Malama Hauwa'u,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina sanar da ke muna nan lafiya gwargwadon hali. Damina uku ke nan da rasuwarki. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne don akwai maganar da ta shafi littattafanki, kuma ke ce mai haƙƙin jin ta yadda take.

Kin tuna adakarki ta ƙarƙashin gado. Kin tuna yadda matan gari ke shigowa bayan azahar, wannan ta ce aron rariya ta zo, waccan ta ce ɗan gishiri, kowace ta fita da littafi cikin hijabi. Ba ki taɓa rubuta sunan kowa ba. Ni da na yi shekaru ina duba makarantu daga Boɗinga har Shagari, na sha gaya miki wannan ba tsari ba ne. Sai ki ce, "Kai ka tsara naka, Malam, ni in ba su su karanta."

Bayan tafiyarki adakar ta zauna a rufe. Mata ba sa shiga gidan gwauro aron rariya.

Bara wasu 'yan ƙungiya suka zo daga Sakkwato, shugabarsu wata Hajiya mai farin tabarau. Suka ce sun kawo ɗakin karatu wanda ba ya buƙatar ma'aikaci. Akwati ne na ƙarfe, ya fi ni tsayi, da ƙananan ƙofofi jere, da faifan sola a kansa. Ana ba kowa kati. Mutum ya kara katin, ya zaɓi littafi a ɗan allon gilashi, ƙofa ɗaya ta buɗe, ya ɗauka, in ya gama ya mayar. Na saurare su kamar yadda na saurari irinsu tun ina da baƙin gashi. Na ga ɗakunan karatu da aka buɗe da tafi, aka rufe ba sanarwa, jemagu suka gaje su. Duk da haka na ba su littattafanki suka haɗa da nasu.

Sun gindaya sharaɗi. Za su ɗauki nauyin data da gyara na shekara guda, daga nan gari ya karɓa. Akwatin da kansa yake aika musu labarin duk buɗewar da aka yi masa. In ba a amfani da shi, za su ɗauke shi da duk abin da ke ciki su kai inda ake so.

Sai maganar wurin kafawa. Hajiyar ta zaga gari, ta nuna gefen injin niƙa, ta ce nan ta ga mata sun fi taruwa. Aka ce a tambayi Malam, shi ne ɗan boko. Na ce abu mai daraja ƙofar Magaji ake kai shi, tunda shi ne mai gari. Akwai inuwar durumi, akwai idon jama'a, ba mai taɓa batir. Duk wannan gaskiya ne. Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Tun da na bar aiki ba wanda ya sake neman ra'ayina a kan komai, kuma na san in aka kafa shi a can, ranar buɗewa kusa da Magaji za a yi mini shimfiɗa. Haka aka yi. Sau biyu aka ambaci sunana a lasifika.

Kin san wurin. Dattawa na kan tabarmi daga hantsi har la'asar. Mai son isa ga akwatin sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya yi Allah shi ja zamaninka, ya bi kowa da ina gajiya, ina gida, ina aiki. Sannan ya miƙe ya ba manya baya yana latsa gilashi, su kuwa suna kallon ƙeyarsa. Da ƙofa ta buɗe sai wani ya ce, "Mi kaɗ ɗauko? Kawo mu gani." Wani manomi ya ɗauki littafi a kan ciwon basir, aka karanta sunan da ƙarfi, aka yi mako ana yi masa ya jiki. Bai koma ba.

Mata kuwa ko ratsa wurin ba sa yi, ta lungun baya suke bi. An raba musu kati, sun adana cikin kwanonin jere. Na'urar da aka ƙera don kada mutum ya nemi izinin kowa, na kai ta inda sai ya gaida mutum goma kafin ya taɓa ta.

Ƙarshe ni kaɗai nake buɗe akwatin, kuma littattafan da na sani nake ɗauka in mayar, don dai a ga motsi a Sakkwato. Da shekarar ta kusa cika na je wurin ƙungiyar manoman albasa, na roƙe su su ɗauki nauyinsa daga abin da suke tarawa lokacin kwasar amfani. Shugabansu ya ce, "Malam, mu yanke daga albasarmu don akwatin da ba mai buɗe shi sai kai? Ai sai ka kai shi ɗakinka, ka huta da tahiya." Ban ji haushinsa ba. Cikin makon Hajiyar ta kira ni, ta ce da an gama kwashe albasa motarsu za ta zo.

Sai Luba ta tare ni a hanya, taubashiyata mai ƙuli-ƙuli, wadda kika koya wa haɗa baƙi bayan ta aurar da 'ya'yanta duka. Ta sauke tire ta ce, "Ɗan boko, ka kwashe littattahwan Malama ka kai hwada. To, Magaji ya karance su?" Na wuce abina. A gida na zauna na tuna cewa in motar ta zo, duk abin da kika tara zai koma wani gari, kuma ba wata mace a nan da ta sake riƙe ko ɗaya tun ranar da na rufe adakar.

Ba sai na gaya miki nauyin a ce a ɗauke abu daga ƙofar mai sarauta ba. Daidai yake da a ce ƙofar ba ta cancanta ba. Ga shi kuma bakin da ya ce a kawo shi ne zai ce a ɗauke.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je, fada cike. Na durƙusa da gwiwoyin nan da kika sani, na yi gaisuwa har ƙarshenta, na faɗi abin da ya kawo ni. Magaji ya ce, "Malam, kai kac ce a aje shi nan. Mi ƙohwata tay yi?" Na ce, Allah shi ba ka nasara, ƙofa ba ta yi komai ba, ni na yi kuskure. Na san mata ba za su zo ba, tun ranar na sani. Na zaɓi wurin ne don in zauna kusa da kai.

Wani ya yi tari. Magaji ya daɗe yana duban akwatin, sannan ya ce, "Abin da anka kawo ƙohwata ba a ɗauke shi. Amma ba wanda yac ce dole shi kalle ni."

Bayan kwana uku mai walda ya zo daga Shagari. Aka fasa simintin gindinsa, aka ja akwatin zuwa kusurwar katanga, aka juya fuskarsa ga lungun da mata ke bi zuwa niƙa, aka kare bayansa da zana.

Ba zan ce miki gari ya koma karatu ba. Wasu mata suna tsayawa da ƙwarya a ka, su kara kati, su wuce. Manoman albasa sun karɓi nauyin na shekara ɗaya, an ce matar shugabansu ce ta hana shi sakat. Hajiyar ta ce motar ba za ta zo bana ba. Baɗi kuma Allah ne masani. Batir yana mutuwa, na kuma ga yadda alkawarin ƙungiyoyi ke ƙarewa. A fada ina gaisuwa ana amsawa, amma ba wanda ke gusawa ya ba ni wuri a tabarma. Na saba.

Jiya na ci karo da Luba a bakin lungun, riƙe da littafi. Ba cikin naki ba ne, sabo ne, na waɗanda suka kawo. Ta ce naki ta karance su tun kina nan. Na ɗan ji wani abu, ban nuna ba. Ta yi gaba, sai ta waiwayo ta ce, "Ashe kana iya cewa ka yi kuskure, ɗan boko? Malama ta ce shekara talatin tana jira ba ta ji ba."

Kulu, gaskiya ta faɗa. Na iya faɗa gaban fada cike, ban taɓa faɗa a ɗakinki ba, inda ba kowa sai ni da ke. Kurakuraina sun fi a ƙirga, kin san su, ni ma na san su. Na yi kuskure, Kulu. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Duk baƙin da wata mace ta karanta a garin nan, Allah ya kai miki ladansa. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a inda ba rabuwa.

Mijinki,
Umaru