Madara, Madara, Ruwa

Toranke, Janairu 1972

Zuwa ga Malama Wasila, makarantar Gaya.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Bayan haka, Malama, na san an koma makaranta kin kira sunana ba a amsa ba. Innata ce Allah ya yi wa rasuwa wajen haihuwa. Jaririn yana raye, namiji ne, an sa masa Isyaku amma Bala muke kiransa. Baffana Datti, mahaifinmu, ya koma wajen shanu bayan sadakar bakwai, ya bar mana saniya ɗaya mai tatsa. Daga ni sai kakata Kubura a gidan.

Maƙwabciyarmu Amarya ta shayar da Bala da farko, amma ruwan nononta ko ɗanta ba ya isa. Na goya shi zuwa ɗakin shan magani na Ajingi. Malamin asibiti ya ce a tafasa madarar shanu, a haɗa ɗan ludayi biyu na madara da ɗaya na tafasasshen ruwa, a jefa ƙwayar sukari ɗaya, a ba shi da cokali.

A nan matsalar take. Kaka ta ce tun tana budurwa take tallar nono, kuma daga Toranke har kasuwar Gaya ba wanda ya taɓa cewa Kubura ta zuba ruwa a ƙwaryarta. Ta ce algus ɗin da ba ta yi wa baƙo ba, ba za ta fara shi a kan marayan ɗanta ba. Zalla take ba shi. Yana sha yana amayarwa, cikinsa ya yi tauri, yana ta murɗewa. Na yi mata magana ta ce boko ya koya mini ha'inci.

Malama, ban san wanda zan gaya wa ba sai ke. Ɗanladi mai tallar atamfa a keke zai kawo miki wannan ranar kasuwa.

Ni ce ɗalibarki,
Kadijatu Datti

*

Gaya, Janairu 1972

'Yata Kadijatu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Innarki, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari. Na karanta takardarki a ofishin hedimasta, sai da na fita waje na share fuska kafin na koma aji. 'Yan ajinku duka suna yi miki ta'aziyya, Hanne har da kuka.

Kada ki yi fushi da kakarki. Abin da take tsarewa abu ne mai kyau, da masu nono duka irinta ne da an huta. Ki same ta lokacin da ranta yake a sanyaye, ki tambaye ta a hankali: ɗan maraƙi yana yin kwana nawa kafin ya miƙe? Za ta ce miki ran da aka haife shi yake tsayawa. To, madarar saniya domin wannan ƙaton aka yi ta. Bala kuwa ko wuyansa bai riƙe ba, cikinsa ba zai iya da nauyinta ba. Algus shi ne ka ɓoye wa mai saye abin da ka zuba. Wanda ya sayi fura da nono ya ƙara ruwa da hannunsa don ta yi masa daidai, wa ya cuta? In ba ta yarda da ni ba, ku je wajen limaminku.

In kuma hannunta ne ba ta so ya taɓa ruwan, ki bar mata tatsa da tafasawa, ke ki zuba.

Kin tuna lissafin kashi da muka yi da jar ƙasa da yashi a bayan aji? Shi ne wannan. Kashi biyu madara, kashi ɗaya ruwa. Ki riƙe shi da kyau. Ki wanke cokali da ƙoƙo da ruwan zafi kowane lokaci, kuma abin da ya kwana kada ki ba shi. Na ba Ɗanladi kwalin sukari da 'yar rigar sanyi ta 'yata Karimatu da ta yi mata kaɗan.

Ki gaishe da Kaka da kyau, ki ce ina yi mata gaisuwar rashi. Wassalam.

Malamarki,
Wasila

*

Toranke, Maris 1972

Zuwa ga Malama Wasila.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na gode da sukari da riga, Allah ya saka. Ki yafe mini jinkirin amsa.

Mun je wajen Liman Da'u, ya faɗi irin abin da kika faɗa. Da muka fito Kaka ta ce liman bai taɓa ɗaukar ƙwarya a ka ba, ina zai sani. Amma maganar ɗan maraƙi ta shige ta. Ta yarda, da sharaɗin in zan zuba ruwan ta fita tsakar gida ta juya baya. Haka muke yi safe da yamma. Amai ya tsaya, cikinsa ya saki, har ya fara yi mata murmushi. Ita kuwa “mijina” take ce masa, wai ya cika ci alhali ko sadaki bai biya ba.

To Malama, yanzu abin ya sake lalacewa. Da ya fara shanyewa yana neman ƙari sai na riƙa ƙara masa, kuma ban yi son kai ba, duk sanda na ƙara ludayi ɗaya na madara sai na ƙara ɗaya na ruwa. Yanzu muna kan madara biyar, ruwa huɗu, da ƙwayar sukarinsa ɗaya kamar yadda aka ce. Yana shanyewa tas, amma ba ya ƙoshi. Kuka yake yi har muryarsa ta dushe, fitsari ba iyaka, kuma abin wuyan da aka ɗaura masa ya yi masa yawa. Mata masu shigowa suna cewa uwarsa ce take kiransa.

Jiya Kaka ta tsoma yatsa a ƙoƙon, ta ɗaga, ta ga yadda yake zuba. Ta ce, “Wannan ko a kasuwa aka ba ni sai na mayar. Kin ga abin da nake gudu ko?” Ta rantse in Juma'a ta zagayo bai canja ba za ta karɓe ƙoƙon ta koma ba shi zalla.

Ni dai na bi abin da aka ce, ban san inda na kuskure ba. Ina tsoro, Malama.

Ɗalibarki,
Kadijatu

*

Gaya, Maris 1972

Kadijatu 'yata,

Ina gaishe ki. Na roƙi Ɗanladi ya juyo yau ba sai ya jira kasuwa ta tashi ba, don haka a gurguje nake rubutu. Kwantar da hankalinki, uwarsa ba ta kiransa. Yunwa yake ji, kuma maganinta yana hannunki.

Ɗauko tsakuwa tara ki zauna. Ki jera su uku-uku, layi uku. A kowane layi biyu madara ne, ɗaya ruwa. Ƙirga: madara shida, ruwa uku. Haka ludayi tara ya kamata ya kasance, da sukari ƙwaya uku, ɗaya ga kowane layi. Ke kuwa biyar da huɗu kike ba shi, da sukarin layi ɗaya. Da kin ci gaba da ƙara ɗaya nan ɗaya can, da kin kai goma da tara, kusan rabi ruwa ke nan. Cikinsa yana cika amma abincin ciki kaɗan ne.

Na san abin da ya ja ki. An raine ki a kan in za a ƙara wa wannan a ƙara wa wancan, kada a yi bambanci. A rabon goro wannan adalci ne. A nan kuwa madara tun farko ninkin ruwa take, dole ta ci gaba da zama ninkinsa: in ruwa ya samu ɗaya, ita ta samu biyu. Manya ma suna faɗa wa wannan rami, kada ki zargi kanki.

Daga yau ki daina ƙirga jimla. Ki riƙa zubawa zagaye-zagaye kina faɗa da baki: madara, madara, ruwa, sukari. In zai sha fiye da haka, ki sake wani zagayen cikakke. Kada ki taɓa yin rabin zagaye.

Sannan ki je ki durƙusa ki gaya wa Kaka yatsanta bai yi ƙarya ba, ruwan ya yi yawa. Amma ki ce mata maganin yawan ruwa ba shi ne a hana ruwa ba. Ki roƙe ta ta daina fita. Ita ta zuba madara biyun da hannunta, ke ki zuba ruwan, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya zuba. Ku kai shi Ajingi a ɗora shi a sikeli, kuma duk sanda malamin asibiti ya ce a canja haɗin, nasa za ku bi.

Ga aikin gida, don kada ki ce na bar ki kin huta: in kin riga kin haɗa biyar da huɗu, ludayi nawa na madara za ki ƙara ya gyaru ba tare da kin zubar ba?

Allah ya ba shi lafiya. Ina jiran amsa.

Wasila

*

Toranke, Afrilu 1972

Malama, ranki ya daɗe.

Gaisuwa mai tarin yawa. Amsa uku ce, ya zama takwas da huɗu. Sai da na yi kuka a kan tsakuwoyin kafin na samo ta.

Kaka ta ji daɗin maganar yatsa, ta sa na maimaita mata a gaban Amarya. Yanzu tare muke haɗawa. Ita ce mai cewa “madara, madara”, sai ta kau da kai, ni in ce “ruwa”. Kalmar ma ba ta faɗa. Juma'a ta wuce ba ta karɓe ƙoƙon ba. A Ajingi an ce ya fara hawa, a ci gaba a haka.

Amarya ta tafi ganin gida Kademi. Ni kuma kaina yana ɗan ciwo tun shekaranjiya, shi ya sa zan tsaya nan.

Taki,
Kadijatu

*

Gaya, Mayu 1972

Kadijatu,

Sallama da gaisuwa. Amsarki daidai ce, na karanta wa 'yan aji. Amma kasuwa tana ta zagayowa ba takarda, Ɗanladi kuma ya ce ya yi sallama a ƙofarku ba wanda ya fito. Ya jikinki? In kina kwance, wa yake zuba wa Bala ruwan? Ko layi ɗaya ne ki aiko, ko saƙon baki. In ban ji komai ba zan nemi izini in zo da kaina.

Wasila

*

Toranke, Mayu 1972

Zuwa ga malamar Kadijatu, daga Kubura.

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Ni nake faɗa, yarinyar tana rubutawa, in kin ga rubutun ya karkace zazzaɓi ne ya kayar da ita, sai yanzu ta fara zama. Da tana kwance ba ta san inda kanta yake ba, balle ludayi.

Ran da ta kwanta na tatsa, na tafasa, na zuba biyuna, na kau da kai. Ba wanda ya ce komai. Na leƙa ko wata za ta wuce, ba kowa. Mijina yana ta tsala ihu. Na daɗe riƙe da ludayin nan, sannan na yi bisimilla na zuba.

Zagaye huɗu yake sha yanzu, ban taɓa yin rabi ba. Ya yi kumatu, abin wuyansa sai da na kwance na ƙara zare. Ba sai kin wahalar da kanki ba, amma in kin zo akwai fura.

Abu ɗaya nake roƙo. In an tambaye ki a kasuwar Gaya, nonon Kubura har gobe ba ruwa a ciki. Na mijina kaɗai ake sirkawa, shi ma da saninsa.

Haza wassalam.