Akilai Ta Iso, Kuma Ba Zan Mayar da Ita Ba

Yekaterinburg, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Kubat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka, Ya kuma sauƙaƙa wa Inna ciwon gwiwarta. Ni da Burul lafiya lau muke, tana gidan ɗinkinta, ni ina kasuwar kayan miya ina ɗaukar buhuna. 'Yarmu Akilai ta iso lafiya. Na zaɓi takarda ne domin a waya kai ne babba, da ka ɗaga murya sai in yi shiru, haka aka rene ni. A nan kuwa ba mai katse ni. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a makaranta.

Saƙonka ya zo. Ka ce kafin ƙanƙara ta sauka in haɗa Akilai da wani mai zuwa Osh a mayar wa Inna, wai ɗan fari na kakanni ne, kai ma ka ba da ɗanka Emil ba ka yi musu ba, ni kuma na kunyata gida. Ka saurari yadda muka zo, sannan in ba ka amsa.

Ka tuna safiyar da muka bar Nookat. Inna ta gasa gurasa, ta sa Akilai ta gatsa, ta rataye sauran a ƙusar da ke saman ƙofa don matafiyi ya dawo ya ƙarasa rabonsa. Ni ko kallona ba ta yi ba. Kajinta ta tsaya tana gaya wa cewa wani ɗan dako ya ɗauka yarinya buhun albasa ce. Kai kuma ka ce ko yini ɗaya ba za ta yi a hannuna ba, don ba ta san ni ba. Wannan gaskiya ka faɗa. Tana da wata huɗu muka bar ta, yanzu ta wuce shekara biyu, Inna ce uwarta, ni kuwa Yaya take kirana kamar yadda aka koya mata.

A jirgin sama ta so tagar, har sai da injin ya yi ruri. Daga nan ta fasa ihu tana kiran Inna, tana shure-shure, ta kifar mini da shayi a cinya. Wani mai sanƙo a kujerar gabana ya juyo sau uku, a na ukun ya ce wai wane irin yaya ne zai sato ƙanwarsa ya zo ya hana bayin Allah sakat. Tsohuwar da ke gefena, mutuniyar Uzgen, ta kira ni ɗana, ta ce me ya hana in bar ta wurin kakarta kamar yadda kowa ke yi. Na ce mata ai na bar ta, Iya, shekara biyu, shi ya sa take kuka a hannun ubanta kamar an miƙa ta ga baƙo. Sai ta karɓi kofin ta riƙe mini.

Awa guda cur tana kukan nan. Na yi ta kai da komo da ita tsakanin kujeru har aka ce in zauna. Da ma'aikaciyar jirgin ta ɗaura mata ƙaramar ɗamarar kujera, sai na lura kukan ya ɗan lafa, tana manne hannayenta a jikinta tana jira. Nan na gane. Kwana goman da na yi a gida, da kake mini dariya wai na zauna bakin ƙofa kamar surukar gida, kallon Inna nake yi. Har yanzu a beshik, gadon jariran nan na katako, take kwantar da ita, ko da yake ƙafafunta sun kai ƙarshen katakon: maɗauri ɗaya a ƙirji da hannaye, ɗaya a gwiwa, ta rufe da mayafi, ta girgiza tana huci ta tsakanin haƙora. Yarinyar ba ta taɓa barci a sake ba.

Na buɗe jaka in nemo rigar da zan ɗaure ta da ita. Yaya, a ƙarƙashin kayanta na tarar da maɗauran beshik ɗin kansu, jajayen nan na karammiski da aka ɗaure ni da kai da su, har da tabon ƙuna a gefen ɗaya. Kusa da su ga ƙullin busasshen cuku mai gishiri. Ni na shirya jakar da hannuna, kuma ban sa su ba. Na kwantar da ita a cinyata, na ɗaure, na rufe ta da kwat ɗina, na yi ta kaɗa gwiwoyina ina huci irin na Inna. Ba a jima ba ta yi barci. Mai sanƙo ya leƙo ya ce in akwai saura shi ma a ɗaure shi. Da za mu sauka kunnenta ya dame ta, na sa mata cukun a baki tana tsotsa, ba ta yi kuka ba.

A filin jirgi Burul ta durƙusa ta buɗe hannaye, Akilai ta ƙi zuwa, ta ɓuya a bayan ƙafata. Uwarta ta yi kuka, amma ka lura, ƙafata yarinyar ta riƙe. Yanzu tana yarda Burul ta yi mata wanka. Har yau Yaya take kirana, ina kuma amsawa, ba na sauri.

To ga amsata. Ba zan mayar da ita ba, ko bana ko baɗi. In za ka yi fushi ka yi, ka kira ni marar kunya a gaban dangi, na ɗauka. Amma ka daina magana da bakin Inna. Shiga ɗakinta ka duba beshik ɗin, za ka same shi tsirara. Matar da ke jiran a dawo mata da yarinya cikin mako ba ta ba da maɗaurai. Kuma na ga fuskarka ranar da Emil, yana da shekara tara, ya kira ka Yaya a gaban baƙi. Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba.

Gurasar nan a bar ta a ƙusarta. Lokacin tsinkar tuffa za mu zo mu uku, in Allah Ya yarda, Akilai ta jiƙa ta a shayi ta ci a cinyar kakarta, sannan mu uku mu komo.

Ka gaishe da matarka Ainura, da Emil da ƙannensa, da Kawu Toktosun. Burul tana gaishe ku. Ka karanta wa Inna takardar nan duka, kada ka tsallake layi, ka ce mata na ga saƙonta a cikin jaka.

Ƙaninka,
Maksat