Ladan fitar da motar gyaɗa daga laka

Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya aikin kuza, ya iyali? Mutanen gida lafiya, ni ne raina a ɓace.

Motar gyaɗa ce ta kafe a lakar fadama. Direban ya yi ta magiya, na ɗaura shanunmu a ƙarfen gabanta, wai bamba, muka ja. Motar ta fito, ƙarfen ya ɓalle. Direban ko sannu bai ce ba, sai "Kai baƙauye, ka san kuɗinsa?" Mai gari kuma, don tsoron mai motar, ya ce a sayar da jan san Baba a biya. Da sa ɗaya ake huɗa?

Amma san nan ba zai taka kasuwar Haɗeja ba sai na ji daga bakinka. A sa mu a addu'a. Ka gaida Ladi da yara.

Ƙaninka,
Sale