Inna, Sun Mayar da Goggo Hajo Ƙetare

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma raina a ɓace yake, kuma ke na saba kai wa ƙara.

Sun mayar da Goggo Hajo ƙetare. Aminiyarki, wadda kuka shigo Bagudo tare daga ƙasar Benin kuna amare, kuka tsufa kuna suyar kifi a rumfa ɗaya.

Tun bayan rasuwarki nake tara matan unguwa a tsakar gidanki duk Asabar bayan la'asar, yawancinsu haifaffun ƙetare kamarki. Ina nuna musu yadda ake neman takardar zama, da takardar haihuwa ta yara. Ina ce musu idan an tsare mutum, ya tambayi inda za a kai shi, ya aiko mana mu zo. Abin da na fi nanatawa shi ne kada kowa ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba. Goggo Hajo a gaba take zama, har gyara wa wasu take yi.

Makon jiya tana dawowa daga Kaoje da kwandon kifi, masu kaki suka tsayar da motar a shinge. Suka ji Dandancin mutanen ƙetare a harshenta, suka sauke ta. Direban ne ya kira ni, ya ce sun tafi da ita ofishinsu.

Inna, gida-gida na bi. Matan da ke cika mini tabarmi, uku kaɗai suka ɗauki mayafi. Wata ta leƙo ta ce maigida bai yarda ba. Mai unguwa ya ce, "Malama, a bi a hankali," ya koma zaure. Yaya Sani, ɗan da kika haifa, ya ce zan jawo mana ido, wai na manta uwarmu ma ba ta da takarda. Ban manta ba. Ni ke riƙe miki zani duk sanda muka zo shinge, har mu wuce.

Kafin mu isa ofishin, ta riga ta dangwala. An rubuta wai watan jiya ta shigo ƙasar. Mace mai jikoki a makarantar da nake koyarwa! Ta kama hannuna ta ce, "Balki, wallahi ina tune da karatunki. Da mai kakin ya daka min tsawa, hannun ne ya tafi da kanshi."

Na yi magana har muryata ta dushe, ba wanda ya ɗago kai. A gabanmu aka sa ta a mota.

Yanzu tana wajen ɗan ƙanenta, a garin da duk sa'anninta sun mutu. Liman da dattawa biyu sun yarda za su shaida zamanta a nan, muna ta kai da komo. Na kuma gane sanin doka bai isa ba idan mace tana tsaye ita kaɗai, don haka na ce daga yanzu bibbiyu za a riƙa tafiya kasuwa. Jiya waɗanda suka ƙi fitowa sun dawo, kowa kanta a ƙasa. Har yanzu ina jin haushinsu, Inna, amma na shimfiɗa musu tabarma, don ke ma haka za ki yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki. Allah Ya dawo mana da Goggo Hajo da ranta, Ya cire mana tsoro, Ya sanyaya mini zuciya a kan ɗan'uwana. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Balki