A Turo Safaya

Ƙanwata,

Maƙwabciyata nas ce ke rubuta min, na ce kar ta gyara min magana. Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar maigidanki?

Mu lafiya lau. Gwiwa ce dai, ga hawan bene. Auta na ta fama da digiri na biyu. Wai injiniya, amma ba ta taɓa inji, tsara aikin mutane da injuna take koya. Ni kuma jaririnta na goye a bayana wuni guda.

Jiya ta ce, "Inna, a karatunmu, abin da in ya tsaya komai zai tsaya, shi ne haɗari. A gidan nan ke ce." Har da dariya! Na ce, "To me malamanku suka ce a yi?" Ta ce, "A tanadi safaya."

Gwiwar nan ba za ta kai ƙarshen karatun ba, ke ce safayar.

Na raini yaranki da kika kwanta jinya, ban taɓa goranta miki ba. Yau na goranta. Kuɗin jirgi na kan Auta, zuwa na kanki. Tukunyata da kika riƙe, na yafe. Ki haɗa kaya.

Yayarki